Rabin Takardar Hajara Gambo

Duk shekara idan aka turo mana ku daga makarantar koyon aikin lafiya, akwai maganar da nake jira, kuma ba ta taɓa ƙin zuwa ba. A rana ta biyu ko ta uku, bayan kun tsaya a bayana kun ga yadda ake gwajin bakin mahaifa, sai ɗayarku ta juya ta raɗa wa 'yar uwarta, "Au, shi ke nan?" Bana ma an faɗa, na ji da kunnena, ba sai na nuna mai maganar ba. E, shi ke nan. Ƙarfen buɗawa da mata suka laƙaba wa suna bakin agwagwa, da tocila mai sabon batir, da auduga a kan tsinke, da ruwan khal da aka daidaita tsaminsa. Ki shafa, ki dubi agogo minti ɗaya, ki leƙa. In wurin ya zauna da jansa yadda Allah ya yi shi, ki ce mata ta sauka ta kama gabanta. In wani sashe ya yi fari kamar an ɗiga kindirmo, to akwai magana. Hannu mako guda yake koyon wannan, ido ya fi shi jinkiri. Amma yau a kan takarda na tara ku.

Farin nan da kuke gani, yawanci ba sankara ba ne, sanarwa ce wurin yake yi tun da sauran lokaci. Idan ƙarami ne, muna da na'urar da ke ƙona shi nan take, mace ta tashi da ƙafarta ta koma gida ta ɗora tukunya. Idan ya yi faɗi, ko ya shige ciki inda tocila ba ta kai, ko yana fidda jini da an taɓa, ya fi ƙarfin ɗakin nan. Sai a ciro takardar turawa babban asibiti. Ku dube ta da kyau: gida biyu ce, da layin yagewa a tsakiya. Na sama mu ke cikewa. Na ƙasa likitan can ke cikewa, ya yage, mace ta dawo mana da shi. Waccan ƙusar da ke jikin bango, wadda ɗayarku ta rataya jakarta a kai jiya, ita ce mazauninsa. Muddin rabin takarda bai hau ƙusar nan ba, ba ki gama da matar ba, ko da kin wanke hannu sau goma.

Aikin farko da aka ba ni a Bakura, wurin Hajiya Kulu, tsohuwar ungozomar asibiti da ta koya mini sana'ar, shi ne ɗumama ƙarfe. Wata guda cur ina tsoma bakin agwagwa cikin ruwan ɗumi ina miƙa mata, ni da takardar shaidata mai hatimi. Da na nuna alamar gajiya ta ce macen da aka sa wa ƙarfe mai sanyi ba ta dawowa, kuma kafin la'asar ta hana mata biyar zuwa. Ita ta koya mini lulluɓe mace da zanenta, da juya mata baya har ta kimtsa, da janta da zancen gona ko na yaye har jikinta ya saki. Sai kuma littafin rajista. Kowace Alhamis takan karɓi nawa da jan biro, kamar malamar firamare. Gidajen da aka buga ba su dame ta ba, gefen shafi take dubawa.

"In kin sauka kan mashin garinsu, wa za ki tambaya?"

"Ga sunanta nan, Hajiya."

"Wanga sunan makaranta na. Wa ya san ta da shi? Rubuta min mi take saidawa, wa yar rako ta, wane icce ke ƙohwar gidan."

Shekara da shekaru gefen littafina cike yake da tsamiya da rijiya da injin niƙa. Daga baya waya ta shigo ƙauyuka, kowace mace tana zuwa da lamba a guntun kwali, tata ko ta maƙwabci. Sai na fara barin gefen shafi fari tas, ina ganin ci gaba ne.

Ranar da zan ba ku labarinta ranar kasuwar Maradun ce, lokacin an mai da ni wani ƙaramin asibiti a can. Matan ƙauye ranar kasuwa suke samun fita, saboda haka ranar muke gwaji. Abokiyar aikina tana hutun haihuwa, ni kaɗai ce, layi ya fita ƙofa ya kai gindin darbejiya. Wajen azahar wata mata ta shigo, za ta yi shekara arba'in, ta sauke kwanon ƙuli-ƙuli a bakin ƙofa. Na ja littafi, ban ko ɗaga kai sosai ba.

"Sunanki?"

"Hajara."

"Sunan maigida?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Matan da ke kan benci suka fara murmushi. Na ce, "Baiwar Allah, layi na jira." Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Gambo." Na rubuta. Gari: Faru. Haihuwa: bakwai. Masu rai: takwas. Lambar waya: ta wani mai shago, na kwafa daga kwali. Duk gidajen sun cika, kowane mai duba aiki da ya ga layin nan zai sa mini hannu.

Da na shafa ruwan khal ban kai ƙarshen mintin ba na san ba aikin na'urata ba ne. Farin mai kauri ne, ya kusa zagaye bakin mahaifar duka, ya shige ciki, kuma auduga ta dawo da ɗan jini. Na cike takarda, na ce mata cikin mako biyu ta je babban asibiti a ƙara dubawa, ta dawo mini da rabin ƙasa. Na yi bayanin da aka koya mana, a jere, babu kuskure. Ta ce, "To." Za ku san wannan "to" ɗin nan gaba, shi ne wanda mace ke faɗa bayan kunnenta ya rufe. Na tashi na raka ta har ƙofa, na kama mata kwanon ta aza a kai, na ce Allah ya sawwaƙe. Na koma na kira ta gaba.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka yanke layukan waya a faɗin jihar nan, aka rufe kasuwannin mako saboda halin da daji yake ciki. Kuna da wayo lokacin, ba sai na ba ku labari ba. Abin da ya shafi sana'armu shi ne lambobin da na tara a littafi suka zama ado. Mako biyu suka wuce. Wata ya cika. Mata biyu da na tura rana ɗaya da ita, 'yan cikin gari, sun dawo da takardunsu. Gurbin Hajara a ƙusa babu komai.

Na fara aike. Duk wanda ya shigo daga wajen Faru, ko allura ya kawo yaro ko ɗaurin rauni, sai na ce ya tambayo mini Hajara matar Gambo. Wanda bai san Faru ba zai ɗauka gari ɗaya ne mai ƙofa ɗaya. Unguwanni ne da tungaye a warwatse cikin gonaki, wasu sai ta hanyar ƙafa. Amsoshi suka riƙa dawowa. Akwai Gambo tela, bai yi aure ba. Akwai Gambo mai shanun huɗa, matarsa Asabe, kuma an ce ta tambayi dalilin da ya sa likita ke neman wata Hajara a gidanta. Akwai Gambo na uku, ya rasu tun kafin a haifi wasunku.

Littattafanmu sun ce irin wannan farin yakan ɗauki shekaru kafin ya juya, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai littafi bai san ranar da nata ya fara ba, ni ma ban sani ba. Abin da na sani shi ne kaurinsa, da jinin da na gani a auduga. Kowace safiya kafin in dafa ƙarafa nakan buɗe shafin nan in karanta layin, kamar wani sabon abu zai tsiro a cikinsa da dare. Aka cire gyaɗa, aka yanke gero, wata na uku ya kama. Duk mashin da ya tsaya a ƙofa sai na leƙa.

Wadda ta warware mini ita ce Inna Atine, tsohuwar da ke share mana asibiti, wadda ko baƙi ɗaya ba ta karantawa. Wata rana da hantsi, benci babu kowa, ta tsaya a kaina da tsintsiya.

"Malama, wanga shahi mi yay yi miki? Kullum shi kike kallo kamar mai duba."

Na karanta mata layin. Ta jingina tsintsiya da bango.

"Wa yac ce miki sunan mijinta Gambo?"

"Ita ta faɗa."

"Da bakinta? Gaban mata?"

"Da bakinta, Inna."

"Ikon Allah. Malama, ke kin taɓa hwaɗin sunan Alhajinki gaban benci?"

Shekara ashirin da wani abu ina auren mutumin nan, ko a fom ɗin banki rubutawa nake yi, ba na furtawa.

"Karanta min sauran," in ji ta.

"Haihuwa bakwai, masu rai takwas. Ina jin a nan ma kuskure na yi, don lissafin bai..."

"Wane kuskure? 'Yan biyu ta yi! Wa ke bi ma 'yan biyu in ba Gambo ba? Kin matsa mata, mutane na kallo, ta ba ki sunan ɗanta don ta huta. Ke kuma wata ukku kina neman matar yaron da bai daɗe da warkewa daga kaciya ba."

Ta ɗauki tsintsiyarta, sannan ta ƙara da cewa Hajarar ma in bar ta, don in sunan wata babba ne a gidan mijin, babu mai kiranta da shi. In tambayi uwar 'yan biyu mai ƙuli. Kuma in daina aiken maza, in aika wa ungozomar gargajiya da ta yanke cibi, ita ba ta manta 'yan biyu. Na yi shekara uku a makarantar da kuka fito, na ci jarrabawa da yabo, a wannan ƙasar aka haife ni, kuma duk abin da Inna Atine ta faɗa na san shi tun ina goye. Biro ne kawai in yana hannun mutum yakan sa ya manta daga gidan da ya fito.

Malam Bala, mai kai allurar rigakafi ƙauyuka da akwatin ƙanƙara, shi na ba saƙo ga ungozomar. Kwana biyar ya dawo. An sami Hajara, a wata tunga gabas da Faru, kowa Uwar Biyu yake ce mata. Sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Sai dai, Malama, an ce ta bar suya. Tana bin gidaje tana neman gahwara. Har kaskonta ta ba ƙanwarta."

Na tambaye shi ko tana kwance, ya ce bai gan ta ba. Mako guda muka yi muna jiran mai garin can ya aiko cewa hanya ta yi sauƙi. Ranar da saƙon ya zo muka fita da sassafe a mashin ɗinsa, da sharaɗin mu juyo kafin la'asar.

Na same ta zaune a ƙofar ɗakinta, ta rame, amma da ƙafarta ta tashi ta shimfiɗa mini tabarma. Muka gaisa yadda ya kamata: kwana, gajiya, gida, yara, aiki, labarin hanya, muka sake komawa kan gajiya. Wani yaro ya leƙo, ta ce, "Gambo, tahi waje." Na bi shi da ido har ya fita. Sannan na tambaye ta takarda. Ta shiga ɗaki ta buɗe kwallar da ke can ƙasan jere, ta ciro ta a naɗe cikin leda, ko lanƙwasa ba ta ƙaru ba.

"Uwar Biyu, me ya hana ki zuwa?"

"Likita, ai na gane."

"Kin gane me?"

"Mata nawa kinka duba rannan? Ina zaune ina kallo. Kowace sai ki ce sauka ki ba ni wuri, har da wasa. Ni ɗai kinka raka har ƙohwa, kinka aza min kaya da hannunki. Likita ba ta aza ma mai ƙuli kaya sai in ta ga abin da ta gani." Ta gyara zama. "Innata ma can anka tura ta. A mota anka maido ta, naɗe. Na ce gara in cika cikin ɗakina, in samu in roƙi mutane gahwara."

Kun ji kuskure na biyu. Bayanin da na jera mata ranar babu kalma ɗaya da ta shiga, ƙafafuna ta saurara.

Ban ce mata babu komai ba, don ban san haka ba, kuma kada in ji ɗayarku ta faɗi wannan don ta samu a yi mata murmushi. Na tambaye ta in ta buɗe buhun gyaɗa ta ga 'yan ƙwayoyi a sama sun fara fumfuna, zubar da buhun take yi? Ta ce a'a, juyewa take a tabarma ta tsince. Na ce to ni saman buhu kawai na gani, tocilata iyakarta ke nan. Can suna da abin juyewa. Mai yiwuwa tsincewa ce kawai, kuma mafi yawan waɗanda nake turawa haka ake yi musu su dawo. Mai yiwuwa ya fi haka, to nan ma gara yau da watan gobe. Na ce mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, sai da ciwo ya kwantar da ita aka ɗauke ta, ita kuwa ga ta da ƙafarta.

Ta daɗe tana kallon ledar. Ta ce, "Shi bai sani ba."

"Kin yarda in gaya masa?"

"Ki hwaɗa mai. Amma ba gabana ba."

Na sami maigidan a zaure yana ɓarar gyaɗa, dattijo mai ɗan furfura a gemu. Bayan gaisuwa na yi masa bayani daidai gwargwado, har da cewa in an yi mata aiki sai an ɗaga mata ƙafa wajen wata guda. Ya ajiye ƙwaryar.

"Wata ukku tana rabon kayanta, na tambaya ta ce ba komi. Ni na aza wani laihi niy yi." Ya dube ni. "Hanya fa, Likita?"

Na ce su bi motocin safe zuwa Talata Mafara ranar da mutane suka fita da yawa, daga can su wuce. Na sake rubuta sabuwar takarda a kan gwiwata. Da na zo gidan sunan miji na ce, "Malam, sunanka?" Ya ce, "Isa." Abin da na yi wata uku da rabi ina nema ke nan, kuma ko numfashi bai ja ba kafin ya faɗa.

Jira na biyu ya fi na farko tsawo, ko da yake mako biyar ne kawai, don yanzu na san fuskar da nake jira. Malam Bala ya kawo labarin sun tafi. Daga nan shiru. A makonnin nan ne na zauna na bi littafin shafi-shafi ina cike gefe da abin da zan iya tunawa, kuma na kafa wa kaina dokokin da za ku bi muddin kuna ɗakin nan. Sunan miji, 'yar rakiya ake tambaya, ko a tambayi matar a ɗaki ita kaɗai a bar ta ta kewaya yadda ta saba. Takardar turawa ba a miƙa ta sai mace ta maimaita miki da bakinta abin da ta fahimta. Rakiya kuwa, ko ki raka kowa ko ki zauna a kujerarki.

Wata Laraba da hantsi ina cikin dafa ƙarafa na ji sallama. Ga ta tsaye da kwano a kai, ta kawo ƙuli gida-gida tunda kasuwa ba ta buɗe ba. Ta kwance bakin zane ta miƙo mini rabin takarda. Ya sha man gyaɗa har ana ganin haske ta cikinsa, ga kuma rubutun likita, wanda ko a busasshiyar takarda sai an yi alwala kafin a iya karanta shi. Na kai shi bakin taga na karanta sau biyu. Sun yanki ɗan kaɗan sun auna, bai riga ya juya ba. Sun fere wurin. Sun ce ta dawo gwaji bayan shekara.

Na karanta mata, na sa ta maimaita, ta maimaita daidai har da watan da za ta dawo. Na buɗe shafin na rubuta a gefe: Uwar Biyu mai ƙuli, tungar gabas da Faru, gidan Malam Isa, bayan rumbuna uku, a tambayi ungozoma, Gambo ɗanta ne. Na miƙe na soka takardar a ƙusa, na dawo na zauna. A lokacin mata huɗu sun taru a benci.

Ta kai bakin ƙofa ta tsaya wajen kwanonta, ta waiwayo.

"Likita, yau ba rakiya?"

Na ce, "Tafi ki ba ni wuri, layi na jira."

Ta tuntsire da dariya har tana riƙe ƙyaure. Inna Atine ce ta aza mata kayan.